Idon Uba da Idon Ɗiya

Kalilu mai faci ne a Magama, a bakin titin da manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka zuwa Maraɗi. Rumfarsa ta kwano ce, da injin iska guda wanda sai ya yi tari kafin ya tashi, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake tsoma tub ya nemo huji. Ya haura shekara arba'in. Tun yana yaro idonsa na hagu yake fita waje, ya karkata wajen kunne, abin da mutane ke kira harara-garke. Direbobi sun daɗe da daina kiransa da sunansa. Katsina-Maraɗi suke ce masa, wai ido ɗaya na kallon Katsina, ɗaya na kallon Maraɗi. Yana amsawa kuwa, don ya gaji da ɓata rai.

Ba sunan ne ya fi damunsa ba. In yana yi wa mutum magana, sai mutumin ya waiwaya ya duba ko da wani ake a bayansa. Wasu kuma su rasa idon da za su kalla, su dinga kallon gemunsa ko aljihun rigarsa. A haka ya saba yin magana kansa a sunkuye, idonsa a kan tayar da ke gabansa. In aiki ya ƙare, mai mota ya tafi, shi ke nan. Ba shi da majalisa. Da rana ya sayi shinkafa da wake ya ci shi kaɗai a kan tsohuwar taya, da yamma ya kulle injinsa ya koma ɗakin da yake haya a bayan masallaci.

Ya taɓa aure. Matarsa Mu'minatu 'yar Ɗan Isa ce, garin farko in an shiga Nijar. Ta rasu 'yarsu ba ta daɗe da yaye ba. Da aka share makoki, uwar marigayiyar, wata dattijuwa mai suna Fatimatu da kowa ke kira Iya, ta goya yarinyar ta ce za ta riƙe ta. Kalilu bai musa ba. Ba shi da uwa a raye, ba shi da 'yar'uwa a kusa, kuma rumfar faci ba wurin renon yaro ba ce. Sunan yarinyar Salmatu, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata.

Iya tana kawo daddawa kasuwar Jibiya duk mako. In sun sauka daga mota a Magama sai ta bar masa Salmatu a rumfa, ta wuce kasuwa, da la'asar ta biyo ta ɗauke ta. Wannan yinin shi ne makon Kalilu gaba ɗaya. Yakan share rumfar tun da safe, ya shimfiɗa buhu mai tsabta a kan benci, ya ajiye mata rake ko awara. Ita ce ke danna masa tub cikin ruwa tana ihu in ta ga kumfa. Ba ta taɓa waiwayawa baya ba in yana yi mata magana. A wurinta haka fuskar uba take.

Tana da shekara shida ya fara lura cewa in ta fito rana sai ta kanne ido ɗaya. Ya ɗauka hasken ne. Sai wata rana da azahar, ta gaji tana zaune tana kallon motocin da ke wucewa, ya ga idonta na hagu ya sulale a hankali ya yi waje. Ya ajiye gudumar da ke hannunsa.

"Uwata."

Ta juyo, ta ƙifta, idon ya dawo daidai.

"Na'am, Baba?"

"Ba komi. Sha rakenki."

Ranar bai iya cin abinci ba. Da Iya ta zo ɗaukarta, tun kafin ya buɗe baki ta riga shi. Ta tsaya daga gefen rumfa kamar yadda ta saba, ba ta kallonsa, shi ma ba ya kallonta.

"Ka gani ko? Mu mun daɗe da gani. In ta gaji, ko tana zazzaɓi, sai shi tahi. Yanzu har a lakwal, makarantar bokonsu, yara sun fara yi mata waƙa." Ta gyara ƙullin kayanta a ka. "Mu dai gidanmu babu shi."

"Haka ne, Iya," in ji Kalilu.

Abin ya yi ta ƙaruwa. Da sai jifa-jifa idon ke fita, ya koma kullum, yana daɗewa kafin ya dawo. Salmatu ta fara ɗabi'ar da ya sani sarai: in baƙo ya yi mata magana sai ta sunkuyar da kai.

A rediyon wani direba ya ji cewa wata ƙungiya ta ɗauki nauyin aikin ido kyauta a wani asibiti a Katsina, har da na yara masu karkatar ido. Ya shafe mako biyu yana juya maganar kafin ya iya faɗa wa Iya. Ta ce a'a, ba a kai wuƙa kusa da idon da ke gani. Sai da ɗanta Imrana, kawun Salmatu, wanda ke sayar da kayan babur a Maraɗi, ya sa baki, ya ce a je a ji ta bakin likita tukuna. Ta yarda da zuwa, ba ta yarda da aiki ba.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Mu'minatu ba da tana raye. Ta zaunar da Salmatu, ta ce ta kalli wani hoton kaza a bango, ta dinga rufe mata ido ɗaya tana buɗewa, tana kara mata wasu ƙananan gilasai. Sannan ta juyo ta yi musu bayani da Hausa.

"Idonta lafiya lau yake gani. Kowane ido yana da jijiyoyin da ke jan sa dama da hagu, kamar linzami. Nata na waje ya fi ƙarfi. Ba cikin idon za mu shiga ba. Daga gefe za mu sassauta wannan, mu ɗan ɗaure wancan."

"Kuma shi ke nan ya zauna?" Iya ta tambaya.

"Sau da yawa yana zama. Amma ba zan ɓoye muku ba, Mama, na yara yakan koma bayan wani lokaci, don jikinsu bai gama girma ba. Shi ya sa dole ku riƙa kawo ta muna dubawa. In mun ga ya fara, akwai abin da za mu yi da wuri."

Sai Salmatu ta fashe da kuka. Ta sauko daga kujera ta shige bayan ubanta ta riƙe rigarsa, ta ce ita ba ta so, ba wanda zai taɓa mata ido. Aka lallasa, aka yi alkawarin alewa da sabon takalmi, ta ƙi. Can cikin kuka ta ce, "Ai Baba ma nashi haka yake, ba a yi mashi ba."

Likitar ta ɗago ta dubi Kalilu. Ba gemunsa ta kalla ba, fuskarsa ta kalla, har ya ji kunya ta kama shi.

"Malam, kai ma ana iya yi maka."

"Ni? Likita, ai ni na tsufa da shi."

"Ba a tsufa da shi. Zauna in duba."

Ya zauna a kujerar da 'yarsa ta tashi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, ya kalli hoton kazar. Ta daɗe a kansa fiye da yadda ta daɗe a kan yarinyar. Ta ce nasa ya fi nisa, kuma tunda ƙwaƙwalwarsa ta saba da shi haka tun yarinta, mai yiwuwa bayan aiki ya riƙa ganin abu ɗaya biyu na wani lokaci. Ga yawancin mutane yana wucewa. Ta ce ya je ya yi tunani.

Bai yi tunanin komai ba. Ya juya ya ce wa Salmatu, "In an yi mani, ki yarda a yi maki?"

Ta share hanci da bayan hannu. "Tare?"

"Tare."

Iya ta ja numfashi ta ce, "Allah Shi sa a dace."

An yi musu rana ɗaya, cikin tsananin zafin bazara. Shi aka fara shiga da shi, don ta gani da idonta. Da ya farfaɗo daga allurar barci ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, kansa na sarawa, ya tambayi ma'aikaciyar jinya ina yarinyar. Ta ce an gama nata, tana ɗakin yara tana barci, kakarta na kanta.

Washegari aka cire musu bandeji a ɗaki ɗaya. Idanun duka sun yi ja kamar gauta. Salmatu ta tsaya gabansa ta daɗe tana kallonsa, baki buɗe.

"Baba, wa kake kallo?"

"Ke nake kallo."

"Da duka biyun?"

"Da duka biyun. Amma Uwata biyu nake gani, ɗaya nan ɗaya nan. Wace ce tawa?"

Ta yi dariya ta buga ƙirji. Idanunta biyu suna tsaye cak a kansa. Har Iya sai da ta murmusa, ta ja mayafi ta rufe baki. Aka ba su maganin ɗigawa, aka faɗa musu lokacin dawowa. A Magama suka rabu. Iya ta ce yarinya ta huta a gida, ba za ta riƙa fito da ita cikin rana da ƙura ba sai idon ya washe.

Makonnin da suka biyo baya Kalilu ya sha wuya, kuma ba wanda ya sani. Komai biyu yake gani. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai ya damƙi iska. Ya ɗaga guduma zai bugi liba, ƙarfen ɓanɓare taya, ya sauke ta a kan babban yatsansa, farcen ya yi baƙi ya fita. Tsallaka titi ya zama abin tsoro, don bai san wace motar ce ta gaske ba. Sai ya ɗaure idon da ƙyalle in zai yi aiki, in ya koma ɗaki ya kwance, ya zauna yana kallon ƙofa guda biyu, yana jiran su haɗu. Shi ke ɗiga wa kansa magani, rabi a ido rabi a kumatu.

Akwai kuma abin da likita ba ta faɗa masa ba, ko ta faɗa bai ji ba. Da, yana sunkuye a kan taya yana hango abin da ke tahowa ta gefensa na hagu, tun daga nesa. Yanzu wannan gefen ya rufe. Duniya ta tsuke masa, mutum sai ya zo daf da shi ya yi sallama, sannan Kalilu ya zabura.

A hankali ƙofofin biyu suka matso juna. Wata safiya ya fito alwala ya ga buta ɗaya, ya kai hannu ya ɗauke ta. Jan idon ya washe. Ya tsaya gaban madubin wata tirela ya ga wani mutum mai furfura a gemu yana kallonsa ido cikin ido, sai ya ji ya kawar da kai.

Mutane suka yi ta mamaki kwana biyu. Mai shayin da ke kusa da shi ya tara jama'a su zo su gani. Wani direban Maraɗi da ya shekara goma yana kawo masa faci ya tsaya a bakin rumfar ya ce, "Ina mai wurin?" Da ya gane shi ya riƙe baki yana salati. Daga nan sunan Katsina-Maraɗi ya mutu, don ba ya da ma'ana kuma. Amma ba wanda ya koma Kalilu. Mai faci suka koma ce masa, kamar kowane mai faci a kan hanya. Yanzu mutane na kallon fuskarsa in suna magana, suna jiran ya ce wani abu, shi kuwa ya rasa abin cewa. Shekara arba'in bai koyi hira ba.

Salmatu ta zo sau uku bayan aikin. Sau ɗaya suka koma Katsina tare, likita ta duba ta ce duka biyun sun yi kyau. A motar dawowa yarinyar ta zauna a cinyarsa tana ba wata mata labari, ba a tambaye ta ba, kanta a ɗage. Kalilu ya yi ta kallon gonaki ta taga don kada a ga fuskarsa.

Sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai, cikin damina, aka rufe boda.

Da farko kowa ya ce abin na 'yan kwanaki ne. Motoci suka yi layi tun daga shingen har inda ido ya ƙare, albasa na ruɓewa a cikinsu, direbobi na kwana a ƙarƙashi. Daga baya suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Titin ya zama fili, awaki na kwanciya a tsakiyarsa. Mai shayi ya kwashe kayansa ya koma Daddara noma. Kalilu yakan buɗe rumfa ya zauna, wani yinin babur ɗaya ne zai tsaya a sa masa iska. Masu bin hanyar daji suna bi, amma dajin ba lafiya, ana tare mutane. Ya ce zai bi ya je ya ga 'yarsa, Imrana ya ce masa a waya, "Don Allah kar ka fara. In wani abu ya same ka, mi za mu ce mata? Ita kau Iya ba ta barin a biyo da ita ta nan."

Sai waya, in Imrana ya zo Ɗan Isa daga Maraɗi. Farko-farko kiran bidiyo ake yi, Salmatu takan karɓi wayar ta sa fuskarta daf da gilashi tana nuna masa haƙorin da ya fita. Bayan kaka ta ce hoton na cin kuɗin kawu, a yi murya kawai. Muryar ma ta riƙa gajarta. Lahiya lau. Tana zuwa lakwal. Iya na gaishe shi.

"Idon fa, Uwata?"

"Lahiya lau."

Lokacin komawa asibiti ya zo, ya tafi shi kaɗai. Likita ta rufe masa ido ta buɗe, ta ce nasa ya zauna daram. Sannan ta duba bayansa.

"Ina ƙawata?"

"Tana wancan gefen, likita."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Da an buɗe ka kawo ta. Kar ka jira."

Sai da azumi ya zo aka fara sassautawa, masu ƙafa da babura suka fara wucewa. Kalilu ya sayi atamfa da dabino da takalmin roba mai fure, ya hau acaɓa zuwa shinge, ya taka, ya hau kabu-kabu a wancan gefen. Rabonsa da Ɗan Isa tun rasuwar Mu'minatu.

Ya yi sallama a zauren gidan. Iya ta fito ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi azumi, aka tambayi bayan rabuwa. Ta ƙwala wa Salmatu kira. Ba ta fito ba. Ta sake kira. Can sai ga ta, ta yi tsawo, ta ja hijabi har goshi, ta durƙusa daga bakin ƙofa tana kallon ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Uwata, matso mana."

Ta matso kaɗan. Ya miƙa mata ledar takalmin. Da ta ɗago za ta karɓa ya gani. Idon hagun ya koma waje, kuma da ta ƙifta bai dawo ba.

A cikin gida wata na daka, ana jin taɓarya.

"Tun sanyi ya fara," in ji Iya daga ƙarshe, muryarta ba faɗa a ciki. "Ita ta ce kar a gaya maka. Na ce da ma an bar ta yadda Allah Ya yi ta. An sha wahala, an ba ta tsoro, ga shi nan." Ta tashi ta shiga ciki ta bar su.

Kalilu ya rasa inda zai sa idonsa. In ya kalle ta sai ta sunkuya. Ya ce ta gwada takalmin, ta gwada, ya yi mata kaɗan. Ta cire ta ajiye a gefe a hankali.

"Ka ce tare," ta ce.

"Tare aka yi, Uwata."

"Naka bai koma ba."

"Bai koma ba."

Ta dinga jan zaren tabarma da yatsa. "Da in yara sun ce mani harara-garke, sai in ce irin na babana ne, ku je Magama ku gani. Yanzu na wa zan ce?"

Ya so ya jawo ta jikinsa, amma ta girma, kuma a zauren surukai yake. Ya zauna har aka kusa kiran la'asar, sannan ya roƙi Iya ta ba shi ita ya kai ta Katsina. Ta ce ya kai ta a duba, amma ita ba ta yarda a sake sa mata wuƙa ba, ko wa zai zo ya roƙa.

Kwanakin da yake jiran a kawo ta, wani abu ya same shi da bai taɓa faɗa wa kowa ba. In ba kowa a rumfa, yakan tsaya gaban madubin motar da aka bar masa, ya saki idonsa, ya yi kamar mai jin barci, ko zai ga na hagun ya sulale. Ko kaɗan ne. Yakan daɗe a haka har hawaye ya taru. Idon ba ya motsi.

Bayan salla Imrana ya kawo ta shinge, Kalilu ya karɓe ta suka wuce Katsina. A mota ta zauna ta gefen taga, ta juya idon hagun wajen gilashi. Likita ta yi murnar ganinta, ta yi gwaje-gwajenta, ta daɗe tana rubutu.

"Ya koma, amma bai kai yadda za a ce an yi asara ba. Ganinta na nan lafiya."

"Likita, laifina ne? Da na kawo ta a kan lokaci…"

"Da mun gwada tabarau da wuri, wataƙila ya rage. Wataƙila kuma da ya koma duk da haka. Ina da yaran da ba su taɓa fashin zuwa ba, nasu ya koma. Malam, kai ka gama girma, inda aka ajiye naka nan ya tsaya. Ita kuwa komai nata yana kan canzawa. Mutane suna ɗauka na yara ya fi sauƙi. A wannan aikin, sau da yawa na manya ya fi zama."

Ta ce akwai hanya biyu. A sake aiki nan gaba kaɗan, ko a ba ta tabarau a riƙa dubawa, a jira ta ƙara girma. Kalilu ya faɗa mata abin da Iya ta ce. Likitar ba ta yi gardama ba. Ta juya wajen yarinyar.

"Ke fa, Salmatu, me kike so?"

Salmatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In na girma aka yi, ba ya komawa?"

"Ba zan rantse miki ba. Amma ya fi zama."

"To a bari in girma."

Aka auna mata tabarau. Ta zaɓi mai jan kewaye. Da ta sa, idon ya ɗan shigo, bai daidaita ba. A hanyar dawowa ta yi barci, kanta ya faɗo a kafaɗarsa, tabarau ɗin ya karkace. Bai gyara ba don kada ta farka. Ya zauna a sandare tun daga Katsina har Jibiya, kafaɗarsa ta yi tsami.

Imrana na jiransu a wancan gefen shingen a kan babur. Kafin su tafi ya ja Kalilu gefe ya ce Iya ta fara gajiya, ƙafa ta hana ta zuwa kasuwa, shi da matarsa sun yanke shawarar ɗauko su duka biyun su dawo Maraɗi wurinsa. Lakwal ɗin can ta fi kyau, kuma ba wanda ya san yarinyar balle ya yi mata waƙa. Ya ce ba za su yi ba sai da izininsa.

Kalilu ya dubi Salmatu. Tana tsaye jikin babur tana goge tabarau da gefen hijabi.

"Ta sani?"

"Ita ta fi kowa so."

"To," in ji Kalilu. "Allah Shi sa albarka."

Ta hau bayan kawunta. Da babur ya tashi ta juyo ta ce, "Baba, sai an jima," ta ɗaga hannu. Ya tsaya har suka wuce jandarmomi suka sha kwana.

Sun koma Maraɗi kafin damina. Motoci sun dawo Magama, ko da ba kamar da ba, wani sabon mai shayi ya kafa tebur inda na da yake. Salmatu na zuwa in an yi hutu, ta kwana biyu a gidan wata 'yar'uwar Iya a Jibiya, Kalilu ya kai ta Katsina a duba ya dawo da ita. Idon na nan a waje, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Tana ƙoƙari a karatu, har ta fara jefa masa kalmomin Faransanci tana dariya in ya kasa maimaitawa. Iya ba ta canza magana ba, ita ma yarinyar ba ta sake tayar da zancen aikin ba.

An sha kawo masa maganar aure tun da idonsa ya daidaita. Limamin masallacinsu ma ya yi masa tayin wata bazawara mai hankali a Daddara. Kalilu ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Har yanzu bai je ba.